Farin ɓawo a kan waldar tankin kostik soda: a ɗora faci ko a dakata?

Tambaya: Injiniya, ni ne mai kula da gyare-gyare a wata masana'anta, muna da tankin baƙin ƙarfe na ruwan kostik soda mai ƙarfin kashi 50 cikin ɗari. Na ga farin ɓawo a kan layin walda kusa da mashigar bututun tururi, in an kankare shi sai ya dawo. An auna kaurin ƙarfen an ce lafiya lau, mai walda kuma ya ce zai ɗora faci ba sai an kwashe sodar ba. Hankalina bai kwanta ba. Me ya kamata in yi?

Amsa: Malam, kada ka bari a kunna injin walda kusa da tankin nan. Ɓawon da kake gani soda ce da ta tsattsafo ta bushe, kuma dawowarsa bayan an kankare alama ce mai ƙarfi ta cewa tsaga ta riga ta ratsa ƙarfen.

Maganar da ta fi damuna a wannan aiki, wadda kullum sai na ji ta har daga bakin waɗanda suka daɗe a masana'anta, ita ce wai kostik soda ba ta cin ƙarfe, saboda haka in kauri bai ragu ba an zauna lafiya. Gaskiya ne cewa muddin zafi bai kai digiri 50 a ma'aunin Salshiyas ba, baƙin ƙarfe yana jure wannan ruwa shekaru masu yawa. Amma da zarar ya haura haka, babban haɗarin ba zaizayar ƙarfen ba ne, tsaga shi soda take yi, kuma tana bin wuraren da walda ta bar ƙarfe a ɗaure ne, wato inda ƙarfen ya takure bayan ya yi zafi ya huce. Tsagar ta fi gashi siranta, na'urar auna kauri kuwa za ta nuna cikakken kauri a dama da hagunta, a rubuta rahoto mai kyau, kowa ya sa hannu. Wanda ya auna bai yi ƙarya ba, abin da ba shi ne ciwon ba aka sa shi ya auna.

Za a ce maka ma'aunin zafin tankin bai taɓa kai wa can ba. To, shi zafin tsakiyar ruwan yake nunawa, alhali ƙarfen da ke manne da bututun tururi ya fi haka nesa ba kusa ba. Ana ɗumama sodar ne don takan fara daskarewa wajen digiri 12, kuma digiri 30 zuwa 38 ya wadatar, amma sai a buɗe tururi a manta da shi. Haka ma sirka ta da ruwa a cikin tankin yana tayar da zafi mai yawa.

Batun faci kuwa aikin ganganci ne. Zafin walda a kan ƙarfen da soda ta shige shi zai ƙara tsawon tsagar, ya kuma bar sabon ɗauri a gefen facin, inda wata tsagar za ta fito.

A rufe tururi, a killace wurin, a mayar da sodar wani tanki, sannan a wanke da ruwa sosai. Kada a busa tururi kafin wankin, domin shi ma yana jawo irin wannan tsaga. Bayan an gwada iskar ciki an ba da izinin shiga, ƙwararre ya bi layukan walda da gwajin garin maganaɗisu mai ƙyalli, wanda ke taruwa a kan tsaga ya nuna ta, ko da na'urar sauti mai neman tsaga. A goge tsagar har ƙarshenta, a yi walda, a gasa wurin a kusan digiri 620 na aƙalla awa guda don ɗaurin ya saki. Bututun ɗumamawa kuma gara na nikel.

Ƙa'idar API 653, wadda Cibiyar Man Fetur ta Amurka ta fitar kan dubawa da gyaran tankunan ajiya, ta tanadi zagayen duba tanki kowane wata, da binciken wajen tankin na sufeto mai lasisi wanda tazararsa ba za ta wuce shekara 5 ba. Zagayen da ƙafa ake yinsa, ba a ofis da biro ba. A duba ƙarƙashin rufin da ke tsare zafi, musamman in na alminiyam ne, domin soda tana narka alminiyam da tutiya tana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta. Duk wanda zai kusanci ɓawon nan ya sa tabarau mai rufe ido ruf da garkuwar fuska da safar roba, kuma a gwada famfon wanke ido kafin a fara aiki.