Tambaya da Amsa: Me Ya Hana Fadamarmu Shan Ruwa Kamar Da?

Tambaya: Ni manomi ne a yankin Wurno. Iyayenmu sun ce a da ruwan damina kan malale fadama ya bar laka mai taki, amma yau sai mun tayar da injin ban-ruwa kafin albasa ta yi kyau. Shin madatsar Goronyo ce sanadi?

Amsa: Malam, maganar iyayenku tana kan hanya. An kammala madatsar Goronyo a kan kogin Rima a shekarar 1984, domin a tara ruwan noman rani, a rage ambaliya, a kuma samar wa birnin Sakkwato ruwan sha. Rage ambaliyar nan ne ya shafe ku, domin ruwan da ake tarewa a damina shi ne wanda ya saba kwanciya a fadama, lakar da yake ɗauke da ita kuwa yanzu a gindin tafkin take zama, tana cike shi sannu a hankali.

Haka aka gani a madatsar Bakolori da ke kusa da Talata Mafara, wadda aka gama a 1978: manoman da ke ƙasa da ita sun rage noman shinkafa, sun koma gero da dawa, rikicin diyyar gonaki kuma ya ci rayuka a 1980.

A ganina, abin da ya fi dacewa ku nema ta hannun ƙungiyarku ta manoma shi ne Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta riƙa sanar da ku lokacin sakin ruwa tun kafin ku dasa iri, domin kada ruwa ya yanke albasa tana tsakiyar yin kai.