Kafson Tailan na gyaran nono: in ci gaba da sha?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Na yaye ɗana na uku bayan ƙaramar sallah, nonona ya zube. Wata maƙwabciyata mai sayar da kayan mata ta kawo min kafso daga Tailan, a jikin robar an rubuta Pueraria mirifica, naira dubu 18 na biya. Ta ce zallar saiwa ce, babu haɗin Bature. Wata biyu ke nan ina sha. Nonon na min tsami, al'adata kuma ta zo sau biyu a wata guda. Ta ce alamar yana aiki ne. In ci gaba?
Uwar 'ya'ya uku, Tudun Wadan Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ki ajiye shi daga yau, sannan mu yi magana.

Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, saiwa ce. Mutanen Tailan na kiranta kwao krua khao, a ƙasa take yin 'ya'ya kamar doya. Sai dai a gargajiyarsu tsofaffi ake ba, musamman matan da al'ada ta ɗauke musu, ba mace irinki mai cikin shekarun haihuwa ba. A cikinta akwai wani sinadari, miroestrol, da ke aiki irin na estrojin, sinadarin da ke juya al'adar mace. Mahaifarki ba ta tambayar daga daji ya fito ko daga kamfani. Shi ya rikita miki kwanakinki, tsamin da kike ji kuma kumburi ne, ba gyara ba. A 2017 hukumar kare masu saye ta Japan ta ja kunnen mata a kan wannan saiwa, bayan ƙorafi sama da 200, da yawansu na 'yan mata ne da al'ada ta birkice musu ko jini ya ɓalle.

Kada ki ɗauka raina maganin Tailan nake yi. Wallahi wani lokaci har kishinsu nake ji, idan na tuna yadda ake tallar namu da lasifika a bakin tasha. Tun 2002 suke da sashe guda na maganin gargajiya a ma'aikatar lafiyarsu, kuma suna gwadawa. Kurkur ɗin nan da kike saye a kasuwar Sabon Gari, a 2023 masu bincike na Jami'ar Chulalongkorn sun gwada sinadarinsa da omeprazole, maganin olsa na asibiti, a kan mutum 206 masu ɓacin ciki, sauƙin ya zo kusan ɗaya. Amma su ɗin dai ne suka janye ƙwayar ganyen khi lek daga kasuwa da ta fara taɓa hantar mutane, alhali ganyen miyarsu ne. A girki sai an tafasa shi an zubar da ruwan, kamar yadda muke wa zogale kafin kwaɗo. Da aka daka shi haka nan aka yi ƙwaya, sai ya zama wani abu daban.

Cikin makon nan ki je asibiti, ko na kusa da ke ko asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, a fara yi miki gwajin ciki, a kuma duba nonon. Ki gaya wa likita idan kina allura ko ƙwayar tazarar haihuwa, ko akwai mai ciwon dajin nono a danginku. Idan jinin ya yi yawa har da jiri, kada ki jira gari ya waye.

Duba robar ki gani ko akwai lambar NAFDAC. Ko da akwai, wadda ta ƙare da harafin L ba shaida ba ce cewa maganin na yin abin da aka rubuta a jikinsa.

Zubewar nono kuwa, fata ce ta miƙe bayan ciki uku, kafso ba ya mayar da ita. Ragowar kuɗin ki nemi rigar mama mai kyau daidai jikinki. Robar kuma kada ki mayar wa maƙwabciya ta sayar wa wata, tafi da ita asibiti likita ya gani da idonsa.