Gwaji ya ce lissafina ya dace, amma hankalina bai kwanta ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar digiri na biyu ce a Samaru, Zariya, ina bincike kan hawan jinin masu juna biyu. Na ɗauki mata 150 masu ciwon da 150 marasa shi, na yi lissafin lojistik, mai hasashen yiwuwar kamuwa da ciwo, a manhajar SPSS. Gwajin Hosmer da Lemeshow, mai duba ko lissafi ya dace da bayanai, ya ba ni sakamakon p sama da 0.05, wanda ake ɗauka alamar dacewa ce, abokan karatu suka ce magana ta ƙare. Amma matsakaicin haɗarin da lissafin ya fitar kashi 50 ne cikin ɗari. Anya kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, shakkarki tana kan hanya. Wannan kashi 50 ɗin ke kika haife shi, ba matan Zazzau ba. A ce kin shiga kasuwar Sabon Gari kin tsinci ruɓaɓɓen tumatir ɗari da mai kyau ɗari. Za ki iya gano abin da ke ruɓar da shi, amma ba za ki ce rabin tumatir ɗin kasuwar ya lalace ba, tunda da hannunki kika daidaita su. Lissafin lojistik kuwa kullum matsakaicinsa yakan koma daidai da rabon da aka ba shi.

Masana Prentice da Pyke sun nuna tun 1979 cewa a irin wannan bincike ma'aunin alaƙar kowane dalili da ciwon, wanda SPSS ke rubutawa a ƙarƙashin Exp(B), yana fita daidai. Abin da ke gocewa shi ne lambar tushe kaɗai, wato wadda lissafin ke farawa da ita kafin a ƙara tasirin dalilan. Idan kina da adadin yaɗuwar ciwon daga majiya mai ƙarfi, ana gyara ta. Misali kawai, a ce mace 1 cikin 20 ce ke kamuwa: sai ki cire logaridim (ln) na 19, wato kusan 2.94, daga lambar tushen. In ba ki da adadin, kada ki ambaci haɗarin mutum ɗaya ko kusa.

Sai gwajin kansa. Hosmer da Lemeshow sun fito da shi a 1980. Yana jera mutane bisa hasashen da lissafin ya yi musu, ya kasa su gida goma, ya kwatanta abin da aka zata da abin da aka gani. Naki gida goma, mutum 30 kowanne. Da wannan ƙarancin, kuskure mai girma ma yana iya wucewa gwajin bai ce uffan ba. Shirunsa ba shaida ba ne. Canja yawan gidajen zuwa takwas ko sha biyu ma kan sauya p ɗin, abin da ya sa ni ban cika jingina da shi kaɗai ba. Qin da Zhang sun kawo wani gwaji a 1997 musamman don irin bayananki, sai dai ba ya cikin jerin maɓallan SPSS.

Abin da zan so ki yi ya fi wannan sauƙi. Duba shekaru da nauyin jiki: lissafin yana ɗauka tasirinsu miƙaƙƙen layi ne, alhali haɗarin wannan ciwo yana tashi ga masu ƙananan shekaru da kuma manya. Kasa shekarun rukuni-rukuni ki ga yadda abin yake lanƙwasa. Ƙirga kuma dalilan da kika zuba a lissafin: tsohuwar ƙa'ida ita ce masu ciwo goma ga kowane ɗaya, naki ke nan kada su haura 15.

Tambaya ɗaya ta rage, kuma ta fi duk sauran nauyi. Kin haɗa kowace mai ciwo da takwararta ne, bisa shekaru ko yawan haihuwa? In haka ne, lojistik mai sharaɗi ya kamace ki, wanda a manhajar Stata ake kira clogit, kuma gwajin Hosmer da Lemeshow ba ya aiki a kansa. Ki koma babi na uku ki duba yadda kika zaɓo matan kafin ki kai wa mai duba aikinki.