Laftof ɗina ta ƙi karɓar fasuwod, dole sai an yi mata fomatin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka min. Laftof ɗina mai Windows 11 ce, na kusa wata biyu ban kunna ta ba, jiya na sa fasuwod ta ce ba shi ba ne, na yi ta gwadawa har ta ce ta kulle akawun ɗin. Wani ya ce min babu makawa sai fomatin, ni kuma hotunan yarana da takardun aikina duk suna ciki, wallahi ko barci ban yi ba. Daga wata mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kwantar da hankalinki, kuma don Allah kar ki bari kowa ya yi fomatin ɗin nan tukuna, kayanki suna nan ba abin da ya taɓa su. Kullewar ma ba ta dindindin ba ce, sababbin Windows 11 in aka yi kuskure sau 10 sukan rufe ƙofa na minti 10 ne sannan su sake buɗewa, to ki daina cankar fasuwod barkatai.

Kafin komai duba ƙananan abubuwa, don sau da yawa fasuwod ɗin daidai ne, kibod ne ke yaudarar mutum. Ko Caps Lock a kunne yake? Ko yaren kibod ya canza, za ki gan shi a ƙasan allo ta dama. Rubuta fasuwod ɗin sai ki danna ɗan hoton idon nan da ke cikin akwatin ki ga ainihin abin da ya shiga, wani lokacin harafi ɗaya ne ya maƙale ba ya fitowa.

In ba wannan ba ne, sai mu san wane irin akawun ne. Idan da imel na Microsoft aka buɗe kwamfutar, abin ya zo da sauƙi: ɗauki wayarki ki shiga account.live.com/password/reset, za su turo lamba zuwa layinki ko imel ɗin da kika ajiye, ki sa sabon fasuwod, amma fa sai kin haɗa laftof ɗin da intanet daga nan allon shiga ɗin, in ba haka ba tsohon za ta ci gaba da nema, nan ne mutane da yawa ke rikicewa su ɗauka bai yi ba.

Idan kuma akawun ne na cikin kwamfutar kawai, bayan kin sa fasuwod ya ƙi za ki ga Reset password a ƙasa, danna shi ki amsa tambayoyin sirri guda 3 da kika zaɓa ranar farko, tun 2018 aka kawo wannan a Windows 10. In akwai wani mai akawun na admin a kan kwamfutar shi ma zai iya canza miki.

Abin da ya fi damuna shi ne BitLocker, wato tsarin Windows da ke kulle bayanan da ke cikin kwamfuta. Laftof da yawa yanzu a rufe had disk ɗinsu (ma'ajiyar bayanai) yake ba tare da mai ita ta sani ba, ko an ciro shi an jona a wata kwamfutar ba abin da za a gani sai da mabuɗi mai lamba 48. Ki shiga account.microsoft.com/devices/recoverykey ta waya ki kwafe shi a takarda tun kafin ki kai wa mai gyara. In kin je ki ce masa ya fara kwashe miki hotuna da takardu zuwa fulash, ki buɗe su ki gani da idonki, sannan a yi maganar goge Windows.