Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa 'Ya'yan Baƙar Kazar Cemani Ba Su Gaji Iyayensu Ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne mai sha'awar kiwon kaji a bayan gida. Bara na sayi zakara ɗaya da kaji biyu na irin nan da ake kira Ayam Cemani, baƙaƙe wuluk har zanko da ƙafafu, duk a hannun mutum guda. Da suka fara ƙwai sai suka ƙi kwanci, na kai wa mai injin ƙyanƙyasa. Yanzu 'yan tsakin sun tasa, amma wasu fatarsu fara ce, wani ɗan zakara kuma zankonsa ya fara ja. Shin an cuce ni ne, kuma yaya zan gyara irin? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani bai isa hujjar a ce an cuce ka ba, sai dai yana nuna cewa iyayen da aka sayar maka ba su kammala tsarkin iri ba, ko mai sayarwar ya sani ko bai sani ba. Wannan kaza asalinta daga tsibirin Jaba ne na ƙasar Indunusiya, musamman yankin Kedu da ke tsakiyar tsibirin, kuma wani makiyayi ɗan ƙasar Holan mai suna Jan Steverink ne ya shigar da ita Turai a 1998. Daga nan ta yi ta wucewa hannu zuwa hannu, kowa yana haɗa ta da abin da ya samu, har ta iso gare mu.

Baƙin nata gado ne. A 2011 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka bayyana cewa wata ƙwayar halitta da ake kira EDN3 ce ta ninku a jikin irin waɗannan kaji, shi ya sa launin baƙi yake bazuwa daga gashi zuwa fata da nama da ƙashi. Kazar Silki da Kadaknath ta Indiya ma haka suke. Abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne wannan gadon mai rinjaye ne: kazar da ta samo shi daga uba kawai, ko daga uwa kawai, za ta iya fitowa baƙa a ido, alhali tana ɓoye da gadon farar fata. Idan aka haɗa zakara da kaza masu irin wannan rabin gado, to a bisa lissafi kusan ɗaya cikin kowane 'yan tsaki huɗu zai fito ba tare da baƙar fata ba, biyu za su ɗauko rabin gadon kamar iyayensu, ɗaya ne kawai zai samu cikakke. Bayanin da ka yi ya yi kama da wannan ƙwarai. Jan zankon ɗan zakaran kuwa sau da yawa ba ya bayyana sai ya fara balaga, saboda haka kada ka yanke hukunci a kan tsako tun yana ɗan mako biyu. Ka jira su kai wata biyar zuwa shida.

Gyaran iri yana farawa da zaɓe, kuma a nan ne masu sha'awa da yawa suke kasawa, domin kazar da mutum ya saya da tsada yana jin nauyin fitar da 'ya'yanta daga garke. Ka kama kowace ɗaya da rana, ka buɗe bakinta ka duba ganda da harshe, ka ɗaga fiffike ka ga fatar da ke ƙarƙashi, ka duba farata da tafin ƙafa. Waɗanda suka fi duhu a waɗannan wurare, suke kuma da lafiya da kyan tsayuwa, su ne na iri. Sauran ka ware su don ƙwai ko nama, idan kuma za ka sayar, ka faɗa wa mai saye gaskiyar abin da suke.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka ma ba launin ba ne, a'a, cewa da ka yi duka ukun daga hannun mutum guda suke. Mai yiwuwa wa ne da ƙannensa. Idan ka ci gaba da haɗa 'ya'yansu da juna, bayan zuriya biyu ko uku za ka fara ganin ƙwai yana yawan ƙin ƙyanƙyasa, 'yan tsaki suna fitowa da rauni, girman jiki yana raguwa. Ka nemi zakara na biyu daga wani makiyayi wanda kajinsa ba su haɗa jini da naka ba, ka roƙi ganin iyayensa da 'yan'uwansa kafin ka biya kuɗi. Idan garken ya ƙaru, ka raba shi ɗaki uku, 'ya'ya mata su zauna a ɗakin uwarsu, zakaru kuwa kowace shekara su matsa zuwa ɗaki na gaba. Ka sa musu zobe mai launi a ƙafa, ka kuma ajiye littafi kana rubuta wa ya haifi wa, domin baƙaƙen kaji ashirin ba a bambance su da ido. Sannan ka tsare su daga zakaran maƙwabta: kaza tana iya riƙe maniyyin zakara har mako biyu zuwa uku, saboda haka wadda ta fita yawo sai a jira wata guda kafin a ɗauki ƙwanta don iri.

Ƙin kwanci halinsu ne da aka sani, ba ciwo ba ne. Ba lallai sai da inji ba, musamman ga wanda wutar lantarki ba ta tsaya masa. Yadda iyayenmu suke sa wa kazar gida ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe, haka za ka sa mata na Cemani, guda takwas zuwa goma gwargwadon girmanta, wanda bai wuce mako guda da yi ba, aka kuma ajiye shi a wuri mai sanyi. Kwancin kwana 21 ne. A rana ta bakwai zuwa ta goma ka haska ƙwan da tocila cikin duhu, ka cire wanda babu jijiyoyin jini a cikinsa.

Duk wannan wahala za ta tashi a banza idan cutar Niyukasul ta shigo, wadda takan share kajin unguwa a lokacin hunturu. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar rigakafinta, har da samfurin I-2 mai jure zafi da ake ɗigawa a ido. Ka nemi likitan dabbobi ya tsara maka lokutanta tare da na cutar Gumboro da ƙyandar kaji. Sabon zakaran da za ka sayo kuma ka killace shi shi kaɗai na aƙalla mako biyu zuwa uku kafin ya haɗu da sauran.

TAMBAYA: Na ji ana cewa jinin kazar Cemani da ƙwanta ma baƙaƙe ne, kuma akwai riba sosai a kiwonta. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Malama, jininta ja ne kamar na kowace kaza, ƙwanta kuma fari ne mai ɗan ratsin ruwan madara, hotunan baƙin ƙwai da ake yaɗawa da sunanta ko dai rini ne ko na wani tsuntsu dabam. Game da riba, ba mai yawan ƙwai ba ce, abin da ake ambata mata bai cika wuce 60 zuwa 100 a shekara ba, kuma takan yi ta hutawa a tsakani. Nauyin zakara yana tsakanin kilo 2 da 2.5, kaza kuma ƙasa da haka. Tsadarta ta dogara ne a kan ƙarancinta da kuma masu sha'awa, waɗanda ba su da yawa a kasuwanninmu. Idan kuɗin cefane kike nema, kajin gida ko na ƙwai sun fi dacewa da ke. Idan kuwa sha'awa ce, ki fara da kaɗan daga hannun makiyaya biyu dabam-dabam, da kuɗin da ba za ki shiga damuwa ba idan bai dawo ba.