Ku cire Glacier daga lissafin, Hajiya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce za ku ɗauki hayar mota mai ɗaki a watan Yuli, ku da samari uku, ku tashi daga Denver ku zaga gandun dajin Amurka na Rocky Mountain, Yellowstone da Glacier a kwana goma. Mun yi irin tafiyar nan da yarana, kuma ni dai in da ni ce, Glacier zan ajiye sai wata shekara. Ban da nisa, hanyar Going-to-the-Sun da ta ratsa Glacier ba a barin motar da tsawonta ya haura ƙafa 21 ta bi tsakiyarta. Ku sha doguwar tafiya, ku je ku ajiye mota a gindin dutse, ina amfanin?

Ki ja wa Alhaji kunne kan birki. Ranar da muka fito daga ramin Eisenhower muna gangarawa Silverthorne, maigidana ya ɗora ƙafa a kan birki bai ɗaga ba. Can sai ƙauri ya cika motar, kamar an bar tukunya a wuta. Muka tsaya gefen titi muna ta salati har ya huce. Ƙaramin giya ake sawa tun daga sama, a bar inji ya riƙe nauyin.

Sai tsayi. Hanyar Trail Ridge da ke cikin Rocky Mountain tana kaiwa ƙafa 12,183. Autata ta yi ta amai da ciwon kai don washegarin saukarmu muka hau. Ku kwana biyu a ƙasa tukuna, ku yi ta shan ruwa, ku riƙa fita bayan asuba saboda hadari da tsawa na taruwa da rana. Rigar sanyi dole, ko a Yuli.

Wurin kwana kuwa, tun wata shida ake kamawa a Recreation.gov. A cikin Yellowstone, sansanin Fishing Bridge kaɗai ke da wuta da ruwa da magudana, kuma shi daban ake kama shi.

Samarin za su kumbura fuska da zarar sabis ya ɗauke. Mu aiki muka raba wa namu: ɗaya taswira, ɗaya tukunya, babban kuma zubar da tankin bayi, har yau bai yafe mana ba. Naman halal ku saya a Aurora, kusa da Denver. In kin riƙo kilishi, kar ya kwana a waje, beyar tana jin ƙamshinsa daga nesa.