Ƙurajen leɓe da ke tafiya suna dawowa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina fama da wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa da ke fito mini a leɓen ƙasa, kusan a wuri guda, musamman bayan na yi zazzaɓi. Nakan fasa kafso in barbaɗa, su bushe, bayan wasu watanni su sake dawowa. Ina goyon jariri ɗan wata biyu. Mene ne sanadinsu, kuma ina maganinsu? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya jariri, ya ƙara miki lafiya. Siffar da kika bayar ta yi daidai da ƙurajen da ƙwayar bairos mai suna HSV-1 ke haddasawa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 2 cikin 3 na mutanen da ba su kai shekara 50 ba suna ɗauke da ita, akasari tun suna yara. Da zarar ta shiga jiki ba ta fita, sai ta laɓe a cikin jijiya ta yi lamo, har ranar da zazzaɓi, ko zafin rana, ko gajiya, ko jinin al'ada ya sa garkuwar jiki ta yi sanyi, sannan ta biyo jijiyar ta fito inda ta saba fitowa. Shi ya sa kike ganin su a wuri guda.

Kafson da kike barbaɗawa ba shi ne ke warkar da ke ba, domin irin wannan magani ba ya taɓa bairos, kuma ƙurajen da kansu suke bushewa cikin kwana 7 zuwa 14. Abin da ke aiki shi ne man shafawa na aciclovir, wanda ake shafawa sau 5 a rana har kwana 5, amma amfaninsa yana ga fara shi da wuri, tun lokacin da kika ji leɓen yana ƙaiƙayi da raɗaɗi kafin ƙurji ya ɓullo. Idan suna yawan dawowa, likita na iya rubuta miki na haɗiya, sai dai ki sanar da shi cewa kina shayarwa. Ki guji ɓare ɓawon da farce, ki kuma guji sa gishiri ko man goge baki a kai.

Batun jaririn ne ya fi damuna, domin wannan ƙwayar tana iya yi wa jarirai mummunar illa. Muddin ƙurjin bai warke ba, kada ki sumbace shi, kada ki ɗanɗana cokalinsa, kuma ki wanke hannu da sabulu kafin ki ɗauke shi. Shayarwa kuwa ki ci gaba da ita, matuƙar babu ƙurji a kan nono. Idan ya yi zazzaɓi, ko ya ƙi kama nono, ko ƙuraje suka fito masa, a kai shi asibiti a ranar.

Ga sauran masu karatu, ba kowane ciwon leɓe ne irin wannan ba. Tsagewar gefen baki takan zo ne daga fangas (dangin ƙwayar cutar da ke kawo makero), ko ƙarancin jini da bitamin B, ko ciwon suga, yayin da fason leɓe na hunturu ke ƙaruwa da yawan lasa, man kaɗanya kuma ya wadatar masa. Wanda ba a yi masa jinkiri shi ne gyambon da ya haura mako 3 bai warke ba, ko ya yi tauri, ko yake zubar da jini, musamman ga masu shan taba, da masu wuni cikin rana, da zabiya. Irin wannan yana buƙatar likita ya duba shi da idonsa, ya auna suga da ƙanjamau, idan ta kama kuma ya ɗebi ɗan naman wurin a gwada ko ciwon daji ne.